Kariyar Ɗaukar Keke a Mota: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Maganar da za mu tattauna yau ta shafi ƙarfen nan da ake ɗaurawa a mota domin ɗaukar keke, wanda direbobi da masu walda suke kira kariya, kuma ko da yake wanda ya ji ta da farko zai iya ɗaukarta ƙaramar magana, haƙiƙa ta haɗa dukiya da rai, domin keken da ya kuɓuce daga kan mota tana cikin gudu ba ya zaɓen inda zai faɗa. Masu bukatar wannan abu sun yawaita a zamaninmu: ga uban da zai kai wa ɗansa keke makarantar kwana ko jami'a, ga ma'aikacin da zai tafi gida hutun Salla da kekunan yara, ga kuma samarin da suka rungumi tseren keke don motsa jiki, waɗanda sukan fita bayan gari da sassafe su sauke kekunansu inda hanya ta yi sarari. Dukkan waɗannan, in sun shiga kasuwa, abu guda suke nema, wato kariyar da za ta daɗe tana aiki ba tare da ta ci amanarsu a tsakiyar hanya ba.

Dattawa daga cikin masu sauraro za su tuna da zamanin da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ta cika tashoshinmu, lokacin da yaran mota sukan kwantar da keken Raleigh ko Phoenix a kan kariya tare da buhuna da akwatuna, su ɗaure shi tamau da robar tsohon tub, mota ta kama hanya. Abin da ya sa wannan dabara ta yi aiki shekara da shekaru shi ne, motocin wancan zamani suna da magudanar ruwan sama ta ƙarfe a gefen rufinsu, mai kauri, wadda ƙafafun kariya suke kamawa su zauna daram, kekunan kuma na baƙin ƙarfe ne masu jure wulaƙanci. To, yau duka biyun sun sauya. Yawancin ƙananan motocin yanzu ba su da waccan magudana, rufinsu falle ne mai lanƙwasa wanda masu ƙira suka keɓe masa wurare ƙididdigaggu inda aka yarda a ɗora nauyi, kekunan tsere kuwa an yi jikinsu da alminiyam ko da zaren kabon, wanda matsi kaɗan a wurin da bai dace ba yakan tsaga shi. Saboda haka wanda ya yi ƙiyasin motar yau da motar jiya, ya ɗaure keke yadda ya ga mahaifinsa yana yi, ƙiyasinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Ita kuwa kariyar da aka ƙera musamman don keke, sana'arta ta bunƙasa ne a Turai da Amurka. Kamfanin Thule, wanda ya fi shahara a wannan fanni, wani mutum mai suna Erik Thulin ne ya kafa shi a 1942 a Hillerstorp cikin ƙasar Suwidin, kuma kafin ya waiwayi keke, katakan sulun ƙanƙara ya fara yi wa maɗauki a kan rufin mota. A Amurka kuma akwai irin su Yakima da Saris. Na kawo wannan tarihi ne don mai saye ya riƙe wani abu a zuciyarsa, wato cewa waɗannan kaya, duk da ingancinsu, an auna su ne da hanyoyi masu santsi da rana mai sauƙi, har ma da yawa daga cikinsu an rubuta a takardarsu cewa ba a yi su don hanyar da ba kwalta ba. Mu kuwa namu yanayin ya haɗa ramuka, da tudun rage gudu a kowane ƙauye, da zafin bazara, da ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa, don haka duk adadin da aka rubuta a jikin kwali, hankali ya hukunta mu tsaya nesa da iyakarsa.

Sharaɗi na farko, wanda in ya ɓaci sauran duka sun ɓaci, shi ne sanin nauyi, kuma a nan zan ɗan dakata, domin a nan ne mafi yawan mutane suke yin sakaci. Akwai iyaka uku da suke aiki tare: iyakar abin da motar za ta ɗauka, da iyakar abin da kariyar za ta ɗauka gaba ɗaya, da kuma iyakar nauyin keke guda a mazauninsa, kuma mafi ƙanƙanta a cikin ukun ita ce take hukunci, ko da sauran biyun sun yi rangwame. Littafin da yake zuwa da mota yana bayyana nauyin da rufinta zai jure tana tafiya, wanda a ƙananan motoci galibi yakan kasance tsakanin kilo 50 zuwa 100, da yawa kuma 75 ne, kuma a cikin wannan adadi ake lissafa nauyin sandunan da aka gicciya a rufin da na kariyar kanta kafin a zo ga keke. Keken tsere na zamani yakan yi kilo 8 zuwa 10, na hawan duwatsu yakan kai 13 ko 15, tsohon keken baƙin ƙarfe mai kariya da magadi yakan doshi 20, mai batir kuwa yakan wuce 20 har ya kusanci 30. Yawancin maɗaukan kan rufi ba a yarje musu fiye da kilo 20 ga keke guda ba, masu ratayawa a bayan but kuwa kimanin 15 ne. Daga wannan lissafi mai sauraro zai gane da kansa cewa keken da ya fi yawa a gidajenmu, wato na baƙin ƙarfe, ya riga ya tsaya a bakin iyakar wasu kariyoyin ko ya ƙetare ta tun ba a tayar da mota ba. Sa'an nan a ƙara da cewa nauyin da sikeli ya nuna na abin da yake tsaye ne. A lokacin da taya ta faɗa rami ko direba ya taka birki da ƙarfi, ƙarfin da yake fizgar kusoshi yakan ninka wancan. Shawarata ita ce mutum ya ɗora kekensa a sikelin masu hatsi ya san nauyinsa na yaƙini kafin ya nufi kasuwa, domin zato ba ya wadatarwa a wurin da aunawa take da sauƙi.

In an san nauyi, sai a zo ga wurin da za a ɗora. Kan rufi yana da fa'idodi bayyanannu: ba ya rufe fitilun baya ko lambar mota, ba ya hana buɗe but, kuma kekuna ba sa gogar juna. Amma yana da haraji guda biyu da mai shi zai riƙa biya. Na farko iska ce, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a cikin kansa, ma'ana motar da ta tashi daga kilomita 50 a sa'a zuwa 100 turjiyar da take fuskanta ta ninka sau huɗu, kuma keke a tsaye a kan rufi duk wannan iska yake tara. Masu bincike a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun wallafa a 2016 cewa kariyoyin kan rufi sun ci kimanin galan miliyan 100 na fetur a ƙasar a shekarar 2015, kuma wani kaso na wannan asara ya fito ne daga waɗanda ake yawo da su ba kaya a kai. Ga wanda yake sayen mai da tsadar yau, barin kariya a kan mota wata da watanni ba ta ɗauke da komai israfi ne tsantsa. Haraji na biyu shi ne tsawo: mota mai mita ɗaya da rabi in aka tsayar mata da keke ta haura mita biyu da rabi, alhali ƙofofin gidajenmu da rumfunan ajiye mota da rassan darbejiya da wayoyin lantarkin da suka yi laushi a unguwanni ba su san da wannan ƙari ba, direba kuma bayan tafiyar sa'o'i yakan manta da abin da yake bisa kansa.

Mai ratayawa a murfin but da igiyoyi da ƙugiyoyi ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi rauni, domin dukkan amincinta ya rataya ne a kan igiyar da rana take ci kullum da kuma bakin murfin da ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ba. Ta isa ga keke ɗaya ko biyu marasa nauyi a tafiyar da ba ta da nisa, da sharaɗin kada a maƙala ƙugiyarta a gilashi ko a robar ado, kuma a goge ƙura a ƙarƙashin matasanta kafin a ɗora, in ba haka ba yashi zai cinye fentin motar. Wanda yake neman abin da zai shekara goma yana aiki, ya wuce ta.

Wadda na fi natsuwa da ita, kuma ina faɗin haka ba tare da wata tantama ba, ita ce mai zama a kan ƙarfen jan tirela na bayan mota, musamman irin mai faranti wadda tayoyin keke suke tsayawa a kai, domin nauyin yana sauka ne a kan ƙashin motar, wurin da aka gina don ɗaukar wahala, keken yana fakewa daga iska a bayan mota, kuma dattijo ko mace za su iya ɗora shi ba tare da ɗaga shi sama da kai ba. A nan muna da wata sa'a da ba kowa ya lura da ita ba: da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Turai ta Kwatano suna zuwa da wannan ƙarfe mai dunƙulallen kai a ƙarƙashin bamba, masu su kuma ba su taɓa amfani da shi ba. Ƙa'idar Turai ita ce dunƙulen ya kasance milimita 50, motocin Amurka kuwa rami ne mai kusurwa huɗu, na inci 2 ko na inci ɗaya da kwata, kuma kariyar ɗayan ba ta hawa ɗayan, don haka a leƙa ƙarƙashin mota kafin a yi ciniki. Shi ma wannan ƙarfe yana da iyakar nauyin da zai danna shi daga sama, an buga ta a wani ɗan faranti a jikinsa, kuma sau da yawa kilo 75 ce. In kariyar da kanta ta kai kilo 17, alal misali, abin da ya rage wa kekuna 58 ne, wato kekuna biyu masu batir sun kusa cinye shi, na uku kuwa babu wurinsa ko da kariyar tana da mazauni uku. A cire batir a sa shi cikin mota, a kuma duba inda bakin salansa yake fuskanta, domin zafin hayaƙi yana narkar da tayar keken da ta kusance shi. Aibinta tsada ne, da kuma cewa tana rufe lamba da fitilu, shi ya sa ingantattun na Turai suke zuwa da nasu fitilun da wurin maƙala lamba, da wayar da ake sokawa a soket ɗin tirela.

Yanzu sai mu koma ga ƙarko shi kansa, wanda shi ne maƙasudin wannan sharhi. Mai saye yakan ɗaga kariya ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa bututunta, ya ce wannan ƙarfe ne na gaske. Alhali kuwa da wuya kariya ta karye a tsakiyar bututu. Inda take mutuwa shi ne mahaɗa: wurin walda, da ramin kusa, da maɓallin roba, da igiya. Misalinta misalin jaki ne da akumarinsa, wanda duk ƙarfin jakin da kyan akumarin, in majayin da ya zagaye cikinsa ya ruɓe, kaya a ƙasa za su kwana. Ƙarfe yana da wata ɗabi'a da masana suke kira gajiya, wato in aka riƙa lanƙwasa shi kaɗan kaɗan sau dubbai, ko da kowace lanƙwasa ba ta isa ta karya shi ba, sai wata 'yar tsaga ta ɓulla, galibi a gefen walda, ta riƙa tafiya a ɓoye har ranar da zai rabu gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Abin da yake ciyar da wannan tsaga shi ne girgiza, abin da yake haifar da girgiza kuma shi ne sako-sako a wurin ɗauri. Saboda haka jarrabawar da ta fi kowace amfani a gaban mai sayarwa ita ce a ɗaura kariyar a motarka, ka kama ta da hannu biyu ka girgiza da ƙarfinka: in motar ce ta motsa tare da ita, madalla, in kuwa kariyar ce take rawa ita kaɗai tana ƙara, to wannan rawa ita ce za ta kashe ta a hanyar Birnin Gwari ko ta kowane ƙauye mai ramuka.

Game da abin da aka ƙera ta da shi, baƙin ƙarfe yana da ƙarfi da araha, kuma kowane mai walda zai iya gyara shi, amma yana da nauyi, yana kuma tsatsa da zarar fenti ya kankare, musamman daga cikin bututu inda ruwan damina yake kwanciya ido bai gani ba. Alminiyam nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya yin jar tsatsa, sai dai in ya tsage ba kowane mai walda yake da na'urar ɗinke shi ba. A duba kusoshi su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa ko waɗanda aka yi wa rufin tutiya, notinansu kuma masu roba a ciki waɗanda girgiza ba ta kwance su. Roba da igiya su ne abincin ranarmu: robar da ta fara yin fari tana gari a hannu ta gama aiki, igiyar da launinta ya koɗe ko gefenta ya fara zarewa a sauya ta ba tare da jinkiri ba, kuma igiyar foliyesta ta fi jure rana a kan mai arahar da ake ɗaure kwali da ita. Wannan ne ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a wurin ciniki ita ce ko ana samun kayan gyaranta, domin kariyar da aka sayar da tsada, in maɓalli guda ya karye aka rasa madadinsa, ta zama kayan gwangwan. Ajiye ta a inuwa in ba a aiki da ita, da wanke mata ƙura, da ɗiga mai a makullinta, suna ƙara mata shekaru fiye da yadda ake zato.

Akwai masu tambaya game da kariyar da masu waldarmu suke ƙerawa, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ba na cikin masu raina wannan sana'a, domin hannun da ya ƙera kariyoyin da suka yi shekaru suna ɗaukar kayan fasinja ya cancanci girmamawa, kuma ga keken baƙin ƙarfe a kan tsohuwar mota ko a-kori-kura, aikin gwani a cikinsu yakan fi na kanti mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Abin da ba zai iya ba ka ba shi ne adadin da aka jarraba a ɗakin gwaji, don haka wajibi ne ka tsaya a kan aikinka: bututu mai kauri, walda mai zagaye mahaɗa gaba ɗaya ba ɗigo-ɗigo ba, jan fentin hana tsatsa kafin fentin ado, roba a duk inda ƙarfe zai taɓa keke ko mota, kuma kada ka yarda a huda rufin motarka. Ita kuwa ta gwanjo da ake kawowa daga Turai, sau da yawa ingantacciya ce, amma a sani ƙafafun kariyar rufi ana yin su ne daidai da samfurin mota, wadda aka cire daga wata mota ba lalle ta kama taka ba, kuma cusa tsumma ko katako don cike giɓi yaudarar kai ce. A ƙirga sassanta, a karɓi makullinta, a duba gefen kowace walda da ido a cikin haske.

Jama'a masu sauraro, abin da ya sa na tsawaita a kan wannan al'amari shi ne haƙƙin wanda yake bayanka a hanya. Gidauniyar AAA ta Amurka ta ƙididdige cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen da yake kan hanya ya shiga cikin haɗurra fiye da 200,000 a ƙasar, mutum kusan 39,000 suka ji rauni, fiye da 500 suka rasu, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na waɗannan haɗurra sun faru ne daga abin da ya faɗo daga mota saboda rashin gyara ko rashin ɗauri mai kyau. Wannan a ƙasar da yawancin masu bin hanya suke cikin mota ke nan. Mu kuwa wanda yake bayanmu sau da yawa ɗan acaɓa ne da goyon mace da jariri, babu gilashi babu ƙarfe tsakaninsu da abin da ya faɗo. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da tabbatar da lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta game da abin da ta taka, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, kuma ban ga wata hujja da za ta sauke wannan nauyi daga wuyan wanda ya ɗora keke a motarsa da sakaci ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da ikon tsayar da motar da kayanta suka rufe lamba ko fitila, ko aka ɗaure su ɗaurin ganganci.

Don haka ina roƙon duk wanda zai ɗauki keke a mota a wannan mako, ya sa keke mafi nauyi kusa da jikin motar, ya ɗaure tayoyi kada su riƙa juyawa, ya ƙara igiya guda ta ihtiyaɗi wadda ta zagaye jikin keken da ƙarfen kariyar, ya rage gudu ƙasa da yadda ya saba, sa'an nan bayan tafiyar kilomita goma ta farko ya sami wuri amintacce ya tsaya, ya fito ya taɓa kowace igiya da kowace kusa da hannunsa, ya kuma maimaita haka duk inda ya tsaya shan mai ko salla. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.